Masana'antar Tsaro da Ɗakunan Binciken Jami'a a McLeansville da Greensboro

McLeansville ƙaramin gari ne a gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, gabas da birnin Greensboro, kusa da babbar hanyar mota da ta nufi Burlington da Durham. Mutanensa kaɗan ne, gonaki kuma sun kewaye shi. Duk da haka sunansa ya shiga tarihin aikin injiniya na soja, saboda wata harabar masana'anta da ke kan titin Millstream, da kuma maƙwabtakarsa da jami'ar North Carolina A&T, wadda gonarta da cibiyoyin bincikenta suke gefen gabas na Greensboro.

Makarantar ce ta riga zuwa. A 1890 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Morrill ta biyu, wadda ta sharɗanta wa jihohi cewa ko dai su karɓi baƙar fata a kwalejojinsu na noma da sana'a, ko su buɗe musu nasu daban. Karolina ta Arewa ta zaɓi wariya. A 1891 ta kafa kwalejin noma da kanikanci ta baƙar fata, aka fara karatu a Raleigh cikin harabar jami'ar Shaw, sannan aka koma Greensboro a 1893. Abin da ake koyarwa a farko shi ne noma, aikin kafinta, ƙira, gini da makamantansu. Babu wanda ya kafa ta da niyyar bincike. Hannu ake so a horar.

Yaƙin duniya na biyu ne ya ƙulla zumunci tsakanin sojan Amurka da jami'o'i. Gwamnati ta zuba kuɗi a ɗakin binciken na'urar rada na jami'ar MIT da aka buɗe a 1940, da ɗakin binciken kimiyyar lissafi da ƙere-ƙere na jami'ar Johns Hopkins a 1942. Waɗannan kwangiloli sun tafi hannun makarantun da dama suke da kayan aiki da manyan malamai, kuma da yake ruwa ba ya gangarowa sai inda ya sami kwari, kwangilar yau ita ke jawo ta gobe. Rabon kwalejojin baƙar fata a lokacin galibi bai wuce horar da hafsoshi da ma'aikata ba.

Ta ɓangaren masana'antu kuwa, arzikin yankin ya daɗe yana kan masaƙu da taba da kayan katako. A 1946 kamfanin Western Electric, reshen ƙere-ƙere na kamfanin tarho AT&T, ya buɗe masana'antu a Burlington da Winston-Salem, daga baya ya shigo Greensboro. A Burlington aka riƙa haɗa na'urorin da ke jagorantar makami mai linzami na Nike. Kamfanin, tare da ɗakunan bincike na Bell, shi ne kuma ya riƙe kwangilar rundunar ruwa ta shimfiɗa na'urorin saurare a ƙarƙashin teku domin bin sawun jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet masu nitso. A farkon shekarun 1970 aka gina harabar Guilford Center a McLeansville domin ayyukan tsaro na kamfanin. Harabar ta sha canjin iyayen gida: an wargaza tsohon AT&T a 1984, sashen tsaron ya koma ƙarƙashin Lucent a 1996, a 1997 kuma General Dynamics ya saye shi a kan dala miliyan 284. Injiniyoyin wurin sun ci gaba da aikin na'urorin ƙarƙashin teku da sarrafa sigina, sunan da ke bakin ƙofa ne kawai ya riƙa sauyawa.

A wannan tsakani A&T ita ma ta sake kama. Ɗalibanta huɗu ne suka zauna a teburin cin abinci na fararen fata a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, lamarin da ya bazu a kudancin ƙasar. Ta zama jami'a a 1967, ta shiga rukunin jami'o'in jihar a 1972. Ronald McNair, wanda ya kammala digiri a can a 1971 ya kuma rasu a haɗarin kumbon Challenger a 1986, da sunansa ake kiran ginin tsangayar injiniya.

Abin da ya buɗe ƙofar kwangilar soja doka ce. Dokar kasafin tsaro ta shekarar 1987 ta sa wa ma'aikatar tsaro burin ba da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangilolinta ga ƙananan kamfanonin marasa galihu da kuma makarantun baƙar fata da na tsiraru. Manyan 'yan kwangila su ma sai suka fara neman abokan aiki a irin waɗannan makarantu. A 1988 hukumar NASA ta ɗauki nauyin cibiyar binciken tafiya duniyar Mas, wadda A&T ta riƙe tare da jami'ar North Carolina State, a shekarar kuma aka kafa cibiyar binciken haɗaɗɗun kayan ƙira. Haɗaɗɗen kaya shi ne zaren kabon ko na gilashi da ake jerawa a jiƙa da ƙaro har ya daskare, ya fito da ƙarfi kamar ƙarfe amma ba nauyi. Yanki da ya ƙware a saƙa bai sha wahalar fahimtar wannan fanni ba. Daga wannan cibiya, da tallafin ofishin bincike na rundunar ruwa, aka samar da Eco-Core, wani allo mai jure wuta da ake yi da tokar kwal ta tashar lantarki, domin gobara na cikin manyan abubuwan tsoro a jirgin ruwa.

Tsarin irin wannan cibiya bai cika sauyawa ba. Hukuma tana kawo matsala da kuɗi na 'yan shekaru, malami yana jagoranci, ɗaliban digiri na biyu da na uku suna yin gwaje-gwajen, kamfani kuma yana ba da samfuri ko shawara, idonsa na kan waɗanda zai ɗauka aiki. Rauninsa a fili yake: idan wa'adin tallafi ya cika ba a sabunta ba, na'urori sukan zauna, ɗalibai su watse. Akwai kuma dokokin hana fitar da fasahar soja, waɗanda kan hana ɗaliban ƙetare taɓa wasu ayyuka, alhali su ne kaso mai yawa na masu karatun digirin injiniya mai zurfi a Amurka.

A 2008 hukumar kimiyya ta ƙasa ta ba A&T jagorancin cibiyar binciken injiniya kan ƙarafan da ake dasawa a jikin mutum su narke da kansu, tare da jami'o'in Pittsburgh da Cincinnati; ita ce makarantar baƙar fata ta farko da ta jagoranci irinta. A wani yanki na gonar jami'ar aka gina dandalin bincike na Gateway, inda ita da jami'ar UNC Greensboro suka buɗe ginin makarantar haɗin gwiwa ta kimiyyar nano a 2011, kamfanoni kuma suna biyan kuɗi su yi amfani da na'urorinta. A 2015 rundunar sama ta ba da dala miliyan 5 aka kafa cibiyar TECHLAV, mai nazarin yadda za a gwada da sarrafa garken jirage da motoci marasa matuƙi. Sabon ginin bincike na dala miliyan 90, mai ɗauke da sunan Harold Martin, injiniyan da ya shugabanci jami'ar daga 2009 zuwa 2024, an buɗe shi a 2022.

Akwai matakin da ya fi waɗannan duka, wato cibiyar da ma'aikatar tsaro ke ɗaure wa gindi na dindindin irin ta Johns Hopkins. Makarantar baƙar fata ba ta jagoranci irinta ba sai a 2023, lokacin da rundunar sama ta ba jami'ar Howard da ke Washington kwangilar dala miliyan 90 ta shekara biyar.