Kama da Wane ba ta Wane: Tarihin Tantance Ƙwayoyin Cutar Hanji

Ba a taɓa rasa gudawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba, amma ta watan Mayun 2018 da ta auka wa Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, inda unguwar Nassarawo take, ta zo da amai da saurin kisa. Kafin hukuma ta kira ta kwalara, sai da aka kai bayan-gidan majiyyata ɗakin gwaje-gwaje. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin cutar hanji kusan kamanninsu ɗaya, alhali ɓarnarsu ta sha bamban.

Asalin wannan ilmi yana komawa ga shekarar 1884, lokacin da Hans Christian Gram, likita ɗan ƙasar Denmak, ya ƙago wani rini a birnin Balin. Wasu ƙwayoyin sukan riƙe launin shunayya, wasu kuwa sukan sake shi idan an wanke su da sinadari. A wannan rukuni na biyu ne ake samun masu haddasa kwalara da taifot da atuni, tare da wadda Theodor Escherich ya bayyana a 1885, mai zama cikin hanjin lafiyayyen mutum.

To, tun da rini ya tara su gida ɗaya, yaya za a raba su? Sai masana suka koma ga cimarsu. Wajen 1900, Alfred MacConkey na Ingila ya haɗa wani abincin renon ƙwayoyi mai ɗauke da sukarin madara. Ƙwayar Escherich takan ci shi, ta fitar da tsami, ta yi ja. Ta taifot da ta atuni ba sa ci, sai su fito fayau. A 1963 masanan Japan suka haɗa wani mai sukarin rake, wanda ƙwayar kwalara kan yi rawaya a kansa.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar wannan annoba a 1971 da 1991, inda dubban rayuka suka salwanta. Abin lura shi ne, da zarar gwaji ya ambaci sunan ƙwayar, an san matakin ɗauka: ruwan gishiri da sukari ga majiyyaci, sinadarin kulorin ga rijiya da jarkar ɗan garuwa.