Sarƙaƙƙiyar jimla da alamomin rubutu: yadda ake koya wa yaran firamare

Sarƙaƙƙiyar jimla ita ce jimlar da ta ƙunshi ganga biyu ko fiye, ɗaya yana iya tsayawa da kansa, ɗayan kuma ya jingina da shi. A cikin "Idan ruwa ya sauka, za mu yi shuka", sashen "za mu yi shuka" magana ce cikakka, shi ne ganga tsayayye. "Idan ruwa ya sauka" kuwa, duk wanda ya ji shi zai tsaya jiran sauran zance, shi ya sa masana nahawu ke kiran sa ganga dogarau.

Batun ya ƙara nauyi a Nijar tun daga Maris ɗin 2025, da kundin da ke jagorantar ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Koyarwa da Hausa dai ta daɗe a nan, domin tun 1973 aka soma gwada ta a Damagaram.

Yaron da ya shigo ajin CI ya riga ya iya irin wannan jimla da baki. Ɗan shekara 7 da ke cewa "Ban zo jiya ba saboda inna ta aike ni kasuwa" ya harhaɗa ganga biyu ba tare da an koya masa ba. Abin da ke kuɓuce masa shi ne sa ta a takarda. Don haka darasin ya fi kama jiki idan malam ya fara daga bakin yara: ya rubuta jimlar ɗayansu a allo, ya rufe rabinta da hannu, ya tambayi aji ko abin da ya rage ya isa magana. Sunayen nahawu suna iya jira sai ajin CE2 ko CM1.

Kalmomin da ke ɗaure ganguna ba su da yawa: idan, saboda, domin, kafin, bayan, ko da yake, har, sai. Mai wahalar ita ce "da", don aikinta ya fi ɗaya. A "Da suka zo, muka ci tuwo" lokaci take nunawa. A "Da sun zo, da mun ci tuwo" kuwa ba su zo ba, tuwon ma ba a ci ba. Baki yana raba su da tsawon wasali, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna shi, sai dai yaro ya lura da "suka" da "sun".

Wannan sauyin shi ne ƙashin bayan darasin. "Sun zo" yana komawa "yaran da suka zo", "tana daka" yana komawa "matar da take daka". Yaron Tawa ko na Maraɗi zai ce "yaran da sunka zo", kuma daidai ya faɗa a Hausar gidansu. Malamin da ya ja masa jan biro a kai ya ce kuskure ne, ya koya masa jin kunyar bakin uwarsa ne kawai. Ya isa a rubuta siffofin biyu gefe da gefe, a nuna masa wadda littattafan karatu ke bi.

Alamomin rubutu su ne ke ɗauke aikin numfashi da murya. Biyu daga cikin sunayensu, aya da waƙafi, daga Larabci suka fito, kuma yaron da ke zuwa makarantar allo ya saba da tsayawa a ƙarshen aya. Sauran su ne alamar tambaya, alamar motsin rai, ruwa biyu, baka biyu da alamar zancen wani. A sarƙaƙƙiyar jimla, idan ganga dogarau ya zo a gaba, akan sa waƙafi a bayansa. Idan ya zo a ƙarshe, galibi ba a buƙata.

Misalin da ke sa aji dariya ya fi ƙa'ida zama a kai. "Kai Audu gida" umarni ne a raka Audu. "Kai, Audu, gida!" kuwa Audun ne ake kora. Haka "Ya biya kuɗin." da "Ya biya kuɗin?": kalmomin ɗaya ne, a baki murya ce ke raba su, a saƙon waya kuwa alamar nan kaɗai ce tsakanin an biya bashi da ana cigiyar sa.

Yaran da ke karatu da harsuna biyu suna da ƙarin abin lura. A rubutun Faransanci ana barin ɗan fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu, a kuma rufe zancen wani da « », alhali yawancin littattafan Hausa suna manna alamar da kalma.

Aikin da ya fi dacewa da aji mai cunkoso ba ya buƙatar littafi. Malam ya rubuta gajeren labari a allo babu aya babu waƙafi, ya sa yaro ya karanta da ƙarfi. Inda numfashinsa ya yanke ko ma'ana ta rikice, sauran su ɗaga allunansu da alamar da suke ganin ta dace, a yi ta gardama har a daidaita.