Peter Ustinov

Peter Ustinov ɗan wasan kwaikwayo ne kuma marubuci ɗan Birtaniya, wanda aka haifa a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1921.

Asalinsa gamin gambiza ne. Kakansa na wajen uba basaraken Rasha ne da ya yi ƙaura zuwa Jaffa a Falasɗinu, kakarsa kuwa a Habasha aka haife ta, kuma tana da jinin Habashawa. Mahaifinsa, Jona, ɗan jarida ne da ya yi wa Jamus aiki kafin ya koma yi wa Birtaniya leƙen asiri. Mahaifiyarsa, Nadia Benois, mai zane ce daga sanannen gidan masu fasaha na Rasha.

Tun yana saurayi ya hau dandamali. Ya rubuta wasanni, ciki har da Romanoff and Juliet na 1956, da tarihin rayuwarsa, Dear Me, a 1977. A fim kuwa, rawar Sarki Nero a Quo Vadis ce ta fito da shi, sannan ya lashe kyautar Oscar sau biyu, da Spartacus da Topkapi.

Ya yi wa UNICEF jakadanci daga 1968 har rasuwarsa a Suwizalan a 2004.