Tarihin Izinin Shiga da Zama a Unguwar Kilomita Biyar ta Bangui

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui suke kira PK5 ko KM5 saboda nisanta daga tsakiyar birnin kilomita biyar ne idan aka bi titin Barthélemy Boganda, ita ce babbar cibiyar ciniki ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a nan ne mafi yawan Musulmin babban birnin suka yi kaka-gida tun zamanin mulkin mallaka. Tana cikin gunduma ta uku, ta ƙunshi kasuwar Mamadou Mbaïki da babban masallacin Koudoukou, sannan sunayen wasu sassanta, irin su Camerounais da Sénégalais, har yau suna nuna inda waɗanda suka kafa su suka fito. Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi da mutanen Senegal da Mali sun zauna a cikinta tare da Musulmin arewa maso gabashin ƙasar kanta, irin su Runga da Gula. Saboda wannan gauraye ne ƙa'idojin shiga ƙasa da zama a cikinta, waɗanda a wasu wurare matafiya kaɗai suke damu, suka zama a nan abin da ya shafi wanda aka haifa a unguwar aka kuma binne kakansa a maƙabartarta.

Kafin Faransawa su kafa sansaninsu a Bangui a 1889, fataken Hausa sun riga sun isa yammacin wannan ƙasa ta hanyar Adamawa, suna tasowa daga Yola zuwa Ngaundere, daga nan su gangara Kunde da Gaza har su kai yankin kogin Sangha, inda suke sayen hauren giwa da goro da bayi, su sayar da tufafi da duwatsun ado. Shigar baƙo ƙasar da ba tasa ba a wancan lokaci tana da ƙa'idojinta masu tsauri, ko da yake ba a rubuce suke ba. Madugu, wato shugaban ayari, shi ne yake magana da yawun kowa, shi yake kai gaisuwa ga sarkin gari, ya biya kuɗin fito a mashigin kogi, ya kuma nemi izinin sauka a zango. Wanda ya yi niyyar daɗewa kuwa sai ya sami mai masauki, mutumin da ya riga shi zama, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi ko an yi rigima. Izinin zama a ƙarƙashin wannan tsari mutum ne mai rai da aka sani a gari, kuma yana da wata fa'ida da takarda ba ta taɓa samu ba, domin baƙon da ya daɗe ya yi aure ya yi gida shi ma yakan zama mai masauki, baƙuncinsa ya ƙare ba tare da ya nemi hatimin kowa ba.

Bai kamata a ɓoye ɗaya fuskar wannan zamani ba. Hare-haren neman bayi da suka fito daga Ngaundere a yamma, da na Rabeh da Sarki Muhammad al-Sanusi na Dar al-Kuti a arewa maso gabas, wanda Faransawa suka kashe a Ndélé a 1911, sun kwashe jama'a masu yawa daga ƙasashen Gbaya da Banda da wasu ƙabilu. Wannan tabo ya zauna a zukatan mutane, kuma 'yan siyasa sun yi ta tono shi daga baya duk lokacin da suke son su nuna Musulmi a matsayin wanda ya zo daga waje, alhali da yawa daga cikin Musulmin ƙasar jikokin waɗanda aka kai wa harin ne.

Da farko Turawan Faransa sun yi maraba da fatake, har Savorgnan de Brazza, a zaman da ya yi a yankin Sangha daga 1892, ya nemi ƙulla hulɗa da Ngaundere domin hanyar ciniki ta ci gaba da gudana. Al'amura sun canza da aka raba mafi yawan ƙasar ga kamfanonin Turawa a 1899, aka ba kowane kamfani ikon mallakar roba da hauren giwan yankinsa, domin daga nan falke mai zaman kansa ya koma kishiyar mai kamfani. Iyakoki su ma ba su zauna wuri ɗaya ba. An kafa mallakar Ubangi-Shari a 1903, aka haɗa ta da Chadi a 1906, aka sanya su cikin tarayyar Afirka ta Ikwato ta Faransa a 1910 mai hedikwata a Brazzaville, sannan yarjejeniyar Nuwamban 1911 ta miƙa wa Jamus yankin yamma, wanda ya koma hannun Faransa a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Bahaushen da ya taso daga Kano ya zama talakan Ingila a idon hukuma, ɗan'uwansa na Damagaram talakan Faransa, ga shi kuwa harshensu ɗaya, sana'arsu ɗaya, kuma sau da yawa a ayari ɗaya suka iso.

Takardar da ta fi takura wa mutane a wancan zamani ba ta ƙetare iyaka ba ce, ta tafiya ce a cikin ƙasa. A ƙarƙashin tsarin da Faransawa suka kira indigénat, wato dokokin da suka ba jami'in mulki damar hukunta ɗan Afirka da tara ko ɗauri ba tare da shari'a ba, barin gunduma ba da izini ba laifi ne, don haka matafiyi yana bukatar takardar wucewa, kuma ba ya samunta sai ya nuna ya biya haraji. Yaƙi da ciwon barci, wanda likita Eugène Jamot ya yi aiki a kansa a Ubangi-Shari daga 1917, ya ƙara wata takardar, ta shaidar lafiya, wadda ake nema daga mai fita ko shiga yankin da cutar ta yi ƙamari. Shi kansa birnin Bangui an tsara shi ne yadda Turawa za su zauna a bakin kogi, 'yan Afirka kuma a unguwannin da aka tura nesa, kowane rukuni da mai unguwarsa wanda hukuma take bi ta hannunsa wajen haraji da sanin baƙon da ya sauka. A cikin wannan tsari ne Kilomita Biyar ta bunƙasa. Abin lura shi ne hukumar da ta himmatu wajen rubuta motsin mutane ba ta himmatu haka wajen rubuta haihuwarsu ba, kuma wannan giɓi ne jikokinsu suka gada.

An soke indigénat da aikin tilas a 1946, tafiya ta yi sauƙi, unguwar ta cika da 'yan kasuwa da mahauta da direbobi da masu sayen lu'ulu'u. Jagoran siyasar Ubangi-Shari, Barthélemy Boganda, ya yi burin ƙasashen tarayyar Afirka ta Ikwato ta Faransa su zama ƙasa ɗaya, amma burin bai cika ba, aka ayyana Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a iyakokin Ubangi-Shari kaɗai ranar 1 ga Disamba 1958, ta kuma sami 'yanci ranar 13 ga Agusta 1960. Daga wannan rana mutumin Fort-Archambault, garin Chadi da yanzu ake kira Sarh, wanda ya zo Bangui a matsayin mai tafiya cikin tarayya guda, ya wayi gari ɗan wata ƙasa ne.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai dai idan iyayensa duka biyu baƙi ne. A rubuce wannan doka tana da sassauci, tunda uwa ko uba ɗaya ya isa, kuma auratayya tsakanin fatake da matan ƙasar ta yi yawa tun da daɗewa. A aikace kuwa komai ya rataya ne a kan yadda mutum zai tabbatar cewa mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba baƙo ba ne, a ƙasar da ba a yi wa akasarin waɗannan iyaye rajistar haihuwa ba, wanda hakan ya bar hukuncin a hannun ma'aikacin da ke bayan tebur, shi kuwa sau da yawa suna yake dubawa. Gyaran da aka yi wa dokar daga baya ya kai wa'adin zaman da ake bukata kafin baƙo ya nemi zama ɗan ƙasa zuwa shekara 35, wanda yana cikin mafi tsawo a nahiyar Afirka. Ma'anar wannan ita ce saurayin da ya iso yana ɗan shekara ashirin zai ci gaba da sabunta katin izinin zama, yana biyan kuɗinsa, yana nuna shi a shingayen hanya, har furfura ta fito masa. Wannan, a ganin mai nazarin tarihin unguwar, shi ne babban lahanin tsarin, domin ya rufe hanyar da tsohon tsarin zango ya bari a buɗe, wadda baƙo yake bi ya zama ɗan gari.

Ga mai ziyara ta ɗan lokaci kuwa ƙofa ta yi ta buɗewa, ko da yake a hankali. An zaɓi Bangui a matsayin mazaunin ƙungiyar kwastan ta UDEAC da aka kafa a Brazzaville a 1964, da kuma magajiyarta CEMAC da aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a N'Djamena a 1994, mai mambobi shida: Kamaru, Chadi, Kwango, Gabon, Ikwatoriyal Gini da Afirka ta Tsakiya. An yanke shawarar soke biza a tsakaninsu a 2013, amma jan ƙafar Gabon da Ikwatoriyal Gini ya sa sai a Oktoban 2017 aka tabbatar da ita ga kowa, da sharaɗin ziyarar kada ta wuce kwana 90. Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan ƙungiya, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ba ta kai Bangui ba, saboda haka ɗan kasuwar Kano bai ci moriyar ko ɗaya daga cikin biyun ba a wannan hanya. Takardar rigakafin shawara kuma wajibi ce a kan duk mai shiga.

Rikicin 2013 ne ya nuna nauyin abin da aka daɗe ana tarawa. 'Yan tawayen Seleka, waɗanda akwai mayaƙan Chadi da Sudan a cikinsu, sun kama Bangui ranar 24 ga Maris, suka yi kisa da wawashe dukiya na tsawon watanni, sannan ranar 5 ga Disamba mayaƙan anti-balaka suka afka wa birnin, suka ɗauki duk Musulmi a matsayin ɗan Chadi kuma abokin Seleka. Chadi da Kamaru da Najeriya da Nijar da Mali da Senegal sun kwashe mutane da jirage daga filin M'Poko, wasu kuma suka bi manyan motoci zuwa Garoua-Boulaï a iyakar Kamaru ko Sido a iyakar Chadi. Da yawa daga cikin waɗanda aka ce an mayar da su gida ba su taɓa ganin ƙasar da aka kai su ba, kuma dubbai sun zauna shekaru a sansanoni irin na Gaoui kusa da N'Djamena, ba su da takardar Chadi ba su da ta Afirka ta Tsakiya. Chadi ta rufe iyakarta a watan Mayun 2014. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana abin da aka yi wa Musulmi da cewa share al'umma ne daga ƙasa, kuma lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarci masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamba 2015, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 15,000 ne suka rage a unguwar daga cikin Musulmi kusan 122,000 da ke Bangui kafin rikicin. A waɗannan shekaru iyaka ta gaskiya tana bakin unguwar ne, domin fita daga cikinta zuwa asibiti ko maƙabarta yana iya zama ajalin mutum, kowace irin takarda yake riƙe da ita.

Bayan ƙura ta lafa, gardamar ta koma kan takardu. An ƙona ko an lalata rajistocin haihuwa a garuruwa da dama, waɗanda suka gudu kuma sun bar nasu a gidajen da aka rushe. A 2015 majalisar riƙon ƙwarya ta ƙi amincewa 'yan gudun hijira su yi zaɓe, bisa zargin baƙi za su kutsa, sai da Kotun Tsarin Mulki ta tilasta a ba su damar, amma a zaɓen 2020 ba a ba su ba. Rahotannin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta nanata cewa mai suna irin na Musulmi idan ya je neman katin shaida ko fasfo akan buƙaci ya kawo takardun iyaye, wani lokaci har na kakanni, abin da ba a nema daga maƙwabcinsa, kuma wanda ba shi da kati shi ne abin tatsa a kowane shinge tsakanin Bangui da Béloko da ke bakin iyakar Kamaru.

A 2022 gwamnatin Shugaba Faustin-Archange Touadéra ta fito da kuɗin intanet mai suna Sango Coin, ta kuma yi tayin ba da zama ɗan ƙasa ga duk wanda ya sayi na dala 60,000 ya ajiye shi shekara biyar, ko da bai taɓa taka ƙasar ba. Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan tayi a watan Agustan shekarar, tana mai cewa zama ɗan ƙasa ba abin sayarwa ba ne. Shekara ɗaya bayan haka, kundin tsarin mulkin da aka ƙaddamar ranar 30 ga Agusta 2023 ya shigo da rukunin ɗan ƙasa na asali, wanda ya danganta da asalin uwa da uba duka biyu, ya keɓe masa takarar shugabancin ƙasa, ya kuma hana mai riƙe da shaidar ƙasa biyu tsayawa. Bisa wannan ma'auni, ɗan Kilomita Biyar da mahaifiyarsa 'yar Gbaya ce, mahaifinsa kuma ɗan falken da ya taso daga Katsina ya riƙe shaidar Najeriya, ɗan ƙasa ne a ƙarƙashin dokar 1961, amma ba ya cikin rukunin da kundin 2023 ya fifita.