Ingancin Ruwan Sha da Bin Ƙa'ida a Rijiyoyin Al'umma na Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kiyaye ƙa'idojin ruwan sha a rijiyoyin burtsatse na al'umma a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato. Ta dogara da kundin ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa da alƙaluman hukumomi. Matsayarta ita ce dokar ta wadatar, amma alhakin gwajin ruwa ya warwatsu tsakanin hukumomi, don haka ya kamata a tattara shi a hannun ƙaramar hukuma.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2007 Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya, aka sabunta ta a 2015. Ƙa'idar ta haramta samun ko ƙwayar cutar E. coli ɗaya a mililita 100 na ruwa. Ta ƙayyade sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, dalma kuwa 0.01. Ruwan leda yana da NAFDAC mai sa masa ido, famfon birni yana da Hukumar Ruwa ta Jiha. Rijiyar ƙauye mai sola da tankin sama, wadda hukumar ruwan karkara ta RUWASSA ko wata ƙungiya ta haƙa, takan koma hannun kwamitin gari bayan bikin buɗewa, alhali kwamitin ba shi da kayan gwaji.

2.0 Tattaunawa

Binciken MICS na 2016 zuwa 2017, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya gano E. coli a ruwan kimanin kashi 77 cikin 100 na jama'a tun a wurin ɗiba, adadin kuma ya kai kashi 90 a ruwan da ke cikin gida. Wannan tazara ta nuna inda ɓarnar take ƙaruwa. Ruwa yana fitowa garau daga famfo, ya shiga jarkar ɗan garuwa wadda gansakuka ta yi wa kore, a juye shi a randa, sannan yaro ya tsoma moɗar da ya ɗauko daga ƙasa. A bakin rijiya kuma, dandamalin siminti kan tsage, dabbobi su yi kwatami a gefensa, da damina ruwan ya zirara ta tsagin. Sakamakon ya bayyana a 2021, lokacin da Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, Sakkwato tana cikin jihohin da annobar ta fi tsanani.

Wasu za su ce ruwan burtsatse daga ƙarƙashin ƙasa yake, ƙasa ta riga ta tace shi. Hakan gaskiya ne idan an toshe bakin ramin da kyau, kuma salga ta yi nisan aƙalla mita 30, sai dai zurfi ba ya kare tankin da ya shekara ba a wanke ba. Wasu kuma za su kawo uzurin tsada, tunda ɗakunan gwaji suna babban birnin jiha. Wannan ya shafi gwajin sinadarai ne, wanda sau ɗaya a shekara zai wadatar. Gwajin ƙazantar bayan gida kuwa akwai 'yar kwalba mai araha: a zuba ruwa, a ajiye kwana ɗaya ko biyu, idan ya yi baƙi akwai alamar gurɓata. Duba-gari zai iya wannan a kowace mazaɓa. Masu cewa kaka da kakanni sun sha wannan ruwa lafiya sun manta garuruwa sun cika, salga ta matso kusa da rijiya.

3.0 Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma ya buɗe rajistar rijiyoyi, duba-gari ya gwada ruwa a famfo da randa farkon damina da ƙarshenta, a liƙa sakamakon a jikin tanki, kwamiti kuma ya ware kuɗin kulorin daga abin da ake karɓa na jarka. Rigakafi ya fi magani. Rijiyar da ba a gwada ruwanta ba, ba a gama aikinta ba.