Triumph: Kalmar Nasara Da Ta Taso Daga Titunan Rum

A ranar farko ta shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Rum suka yi dafifi a bakin titi don ganin Jugurtha, sarkin Numidiya, ƙasar da ke yankin Aljeriya ta yanzu. Shekaru ya yi yana hana Rumawa sakat, sai ga shi cikin sarƙa, ana tisa ƙeyarsa a gaban keken dokin sarkin yaƙi Gaius Marius. Da aka gama zagayen gari, aka jefa shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa na Tullianum, bai yi kwanaki da yawa ba ya mutu. Wannan biki shi Rumawa ke kira triumphus a Latin, kuma daga gare shi Turanci ya samo triumph, wato gagarumar nasara.

Masana da dama suna ganin Latin ma aro ta yi daga thriambos ta Girkanci, sunan waƙar yabon Dionysus, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa.

Ba kowane mai nasara ake yi wa bikin ba. Sai majalisar dattawa ta amince, kuma kafin ta yanke shawara, sarkin yaƙin na zaune a wajen gari yana jira, don doka ta hana shi shiga da ikonsa na soja. Marubucin nan Valerius Maximus ya ambaci sharaɗin kashe abokan gaba 5,000 a gwabzawa ɗaya. Idan an amince, sai a taso daga filin Mars: ganima a gaba, zinariya da makamai da zanen garuruwan da aka ci, ga fursunoni, ga fararen bijimai na yanka. Shi kuwa gogan yana tsaye a keke mai dawaki huɗu, sanye da riga mai launin shunayya da adon zinariya, da kambun ganye a ka. A bayansa sojojinsa ne, waɗanda a ranar aka ba su damar yi masa zambo a waƙa son ransu. Tafiyar na ƙarewa a haikalin Jupiter da ke kan tudun Capitol. Bikin Aemilius Paullus, wanda ya ci Masedoniya, kwana uku cur ya ɗauka a 167 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan mutanen Afirka da suka taka wannan hanya a ɗaure. A shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, Julius Caesar ya yi bukukuwa huɗu a jere, biyu daga ciki na Masar da arewacin Afirka. An fito da Arsinoe, ƙanwar Cleopatra, cikin sarƙa, har 'yan kallo da kansu suka ji tausayinta. An kuma nuna Juba, ɗan sarkin Numidiya, yana ƙaramin yaro. Shi ne daga baya ya zama sarkin Mauretaniya ta dā, kuma marubuci. Littattafan Rum sun adana sunayen 'ya'yan sarakuna, amma dubban talakawan da aka sayar a kasuwar bayi bayan biki, babu wanda ya rubuta ko sunan ɗaya.

Mutum na ƙarshe da aka yi wa bikin a birnin Rum ba tare da yana gidan sarauta ba shi ne Cornelius Balbus, a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda yaƙin da ya kai wa Garamantawa na Fezzan, a Saharar Libiya. Daga nan sarakunan Rum suka mayar da shi nasu da na 'ya'yansu.

Kalmar ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 14. Sannu a hankali ta bar zancen zagayen gari, ta koma kan nasarar kanta, a fagen yaƙi ne ko wasa ko jarrabawa, muddin an sha wuya kafin a kai gaci. Daga ita aka gutsuro trump, katin da ke doke sauran a wasan karta. Kalmar ta kuma fito a sunaye: a Faris, Napoleon ya ba da umarnin gina Arc de Triomphe a 1806, ba a kammala ba sai 1836, bayan mutuwarsa. A Kano kuwa, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko, da Alfijir da ajami.