Ɗinki Ko Kewayewa? Nazarin Dalilin Hana Tufafi Ga Mai Ihrami A Mazhabar Malikiyya

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa aka hana namiji mai ihrami wasu tufafi. Ta kwatanta hadisin Abdullahi ɗan Umar da bayanin Risala da Mukhtasar, sannan ta auna hukuncin a kan zobe, ɗamarar kuɗi da takunkumi. Ra'ayinta shi ne fassara ƙa'idar da "ɗinkakke" ta karkatar da fahimtar maniyyata.

Gabatarwa

A wuraren bita, abin da aka fi nanata wa maniyyaci shi ne kada ya sa ɗinkakken abu. Na taɓa ganin wani dattijo a masaukin Madina yana jujjuya takalminsa yana neman zare, alhali ga singileti a ƙarƙashin haraminsa, wai don sanyin asuba. Abin da ya ji tsoro halal ne, abin da ya sake da shi kuwa shi ne matsalar.

Asalin hukuncin

A hadisin Ibnu Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito, an tambayi Annabi (SAW) abin da mai ihrami zai sa, sai ya lissafa abin da ba zai sa ba: taguwa, rawani, wando, alkyabba mai hula da huffi, da tufar da za'afaran ko warsi ya taɓa. Babu maganar ɗinki a ciki. Malaman fiƙihu ne daga baya suka nemi siffar da ta tattara waɗannan, wasu suka ce "makhiɗ", wato ɗinkakke.

Sheikh Khalil ɗan Ishaƙ ya zaɓi wata kalma a Mukhtasar, "muhiɗ", ma'ana abin da ya kewaye gaɓa, ko da saƙa, ko maɓalli, ko ƙulli. A rubutun Larabci ɗigo ɗaya ne tak ya raba kalmomin biyu. Bisa wannan ma'auni, zanen harami da ya yage aka yi masa faci ba laifi, domin ɗaura shi ake yi. Safar da inji ya saƙa ba tare da allura ba kuwa ta shiga hani.

Zobe, ɗamara da takunkumi

Khalil da kansa ya kawo zobe a matsayin misali, don haka Malikawa suka hana wa namiji, yayin da Hanafawa, Shafi'awa da Hanbalawa suka halatta. Agogon hannu zai bi sahun zobe idan aka yi ƙiyasi. Ɗamarar kuɗi ta samu rangwame da sharaɗi biyu: a ɗaura ta don ajiye guzurin kai, kuma a kan fata, ba bisa zane ba. Alhajin da ya ɗaure ta saman harami don kada zanen ya kwance ya fita daga rangwamen, ko da yake akwai alhazan da ke yin hakan.

Takunkumi ya fi sarƙaƙiya. Risalar Ibnu Abi Zaid ta sanya ihramin namiji a kansa da fuskarsa, na mace a fuskarta da tafukanta. Shafi'awa ba su hana namiji rufe fuska ba. A aikin Hajjin 2020 da na 2021, lokacin annobar korona, hukumomin Saudiyya sun wajabta takunkumi, kuma a 2021 mutum 60,000 kacal aka amince wa, dukkansu mazauna ƙasar.

A nan lamarin Ka'abu ɗan Ujra yake da amfani. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ƙwarƙwata ta addabe shi har tana zubowa a fuskarsa. Aka umarce shi ya yi aski, kuma ya yi fidiya kamar yadda aya ta 196 a Suratul Baƙara ta tanada, hadisi kuma ya fayyace adadinta: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Lalura ta ɗauke masa zunubi, fidiya kuwa tana nan daram. A ganina mai bin Malikiyya da ya sa takunkumi don rashin lafiya matsayinsa ɗaya da Ka'abu.

Sai dai mazhabar ba ta da tsananin da ake zato. Fidiyar tufafi ba ta hawa kai sai an amfana da abin, ko ya daɗe a jiki. Wanda ya sa ya cire nan take ba komai a kansa. Wanda kuma ya ƙudurta tun farko cewa zai riƙa maimaitawa, fidiya ɗaya ta ishe shi. Idan ciyarwa aka zaɓa, kowane miskini mudunnabi biyu ne rabonsa. Kuma saɓanin hadaya, wadda ba a yanka ta sai a Mina ko Makka, fidiya ba ta da keɓaɓɓen wuri ko lokaci, alhaji yana iya bari sai ya dawo Katsina ko Maraɗi ya ciyar da mabuƙatan unguwarsu.